Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga malamin da ya kira azurfata algus

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malam, ranka ya daɗe, na karanta tambayoyin da ka jefo mini a shafinka na jarida, bayan baje kolin tsofaffin cokula da ludaya da sauran kayan teburi na azurfa da na yi a taron ƴan gida mazauna Amurka. Ka tambaya ko ya halatta Musulmi ya tara kayan ci na azurfa, ka tambaya abin da ya kai Bahaushe ga cokulan Turawa waɗanda wasunsu a gidajen masu bayi aka ci da su, sannan ka rufe, cikin wani irin ladabi da ya fi zagi zafi, da tambayar ko ba algus ba ne in nuna wa jama'a abin da ake kira azurfar sulalla, wadda a cewarka gauraye ce marar hatimin hukuma, har in sa mata kuɗin da ya zarce na sitalin, wato azurfar da ta cika awon Ingila. Da a ce lambar wayata ta ɓace maka da na yi maka uzuri, amma tun da bainar jama'a ka zaɓa, to a nan zan amsa, domin baki ya san abin da zai faɗa, bai san abin da za a mayar masa ba.

Da ta ƙarshe zan fara, domin ita ce ta taɓa mutuncina. Babu cokalin da maƙeri mai hankali zai ƙera da azurfa zalla, saboda laushinta ya yi yawa, lanƙwashewa za ta yi a cikin tuwo tun kafin a kai loma baki. Dole ne a sa mata jan ƙarfe domin ta yi ƙwari. Sitalin ɗin da kake ɗaukakawa kashi 925 ne cikin 1000 na azurfa, sauran 75 ɗin jan ƙarfe ne. Azurfar sulalla ta Amurka kuwa tana wajen kashi 900 cikin 1000. Tazarar da ka gina zargin ha'inci a kanta ke nan, kashi 25 cikin dubu. Idan gaurayawa ita ce algus, to sitalin ma algus ne, kuma sai ka shirya faɗa wa iyayenmu mata cewa mundaye da awarwaron da suka gada duk jabu ne, domin dalar Mariya Tareza mai ɗauke da shekarar 1780, wadda tsofaffi ke kira liyari, wadda maƙeran farinmu suka yi ta narkawa suna ƙera kayan ado da kayan doki, kashi 833 ne kacal. Cokalin da ka rena ya fi munduwar kakarka tsarkin azurfa, ban kuma taɓa jin ka kira maƙeran Kano maha'inta ba.

Dalilin da ya sa aka yi ta ƙera kayan teburi da sulalla a Amurka ba ɓoyayye ba ne. Kafin a gano babbar ma'adinar azurfa ta Comstock a Nevada a 1859, ƙasar ba ta da azurfar da ta taka kara ta karya a cikin ƙasarta, saboda haka mai gida kan ɗebi dalolin Sifen, waɗanda doka ta yarda a yi ciniki da su har zuwa 1857, ko tsofaffin kayan da suka lalace, ya kai wa maƙerin garinsu, a narka, a buga masa cokula da haruffan sunan iyalinsa a jiki. Dokar buga kuɗi ta 1792 ta sa sulallan Amurka a kan kashi 892 da ɗoriya, sannan a 1837 aka mayar da su 900 cif. Maƙeran da suka so su tabbatar wa mai saye ingancin aikinsu sukan buga COIN ko PURE COIN ko DOLLAR a bayan mariƙi, wato suna shelanta abin da suka yi aiki da shi. Mai algus ɓoyewa yake yi, waɗannan kuwa da ƙarfe suka rubuta, ni ma haka na rubuta a takardar da ke gaban kowane cokali a ranar baje kolin, wadda ga dukkan alamu ba ka tsaya ka karanta ba.

Batun hatimin hukuma gaskiya ne babu shi, amma fassarar da ka yi wa rashinsa ita ce kuskure. Ingila ce ke da wannan tsari, kuma tsoho ne ƙwarai. Dokar 1300 ta zamanin Sarki Edward na Ɗaya ta wajabta buga kan damisa a jikin azurfar da ta cika awo, daga 1478 aka riƙa kai kaya zauren maƙeran zinariya na Landan domin gwaji tare da buga harafin shekara, a 1544 aka ƙara zaki mai tafiya, a 1773 kuma aka buɗe ofisoshin gwaji a Birmingham mai alamar anga da Sheffield mai alamar kambi. Har ma akwai lokacin da hukuma ta ɗaga awon kayan azurfa zuwa 958, daga 1697 zuwa 1720, domin ta hana maƙera narka kuɗin ƙasa, abin da ke nuna maka cewa narka sulalla a yi cokali ba Amurkawa ne suka ƙago shi ba. Amurka ba ta taɓa kafa irin wannan ofishi na ƙasa baki ɗaya ba. Birnin Baltimore ne ya gwada daga 1814 zuwa 1830, sannan ya bari. Saboda haka awon azurfar sulalla yakan ɗan hau ya ɗan sauka daga maƙera zuwa maƙera, kuma sunan maƙeri shi ne jingina, shi ya sa mai tarawa na gaskiya yake kashe shekaru yana koyon tambarin mutane da garuruwan da suka zauna.

Ga abubuwa biyu a kan teburina yanzu da nake maka rubutu. Na farko ludayin miya ne na Landan, mai nauyi a hannu, a bayan mariƙinsa akwai alamu biyar a jere: zaki, da kan damisa mai kambi, da harafin E na shekarar 1800, da kan Sarki George na Uku wanda ke nuna an biya harajin da aka ɗora wa azurfa daga 1784 zuwa 1890, sai haruffan maƙeri. Yaro ma idan aka ba shi madubin ƙara girma da jadawalin haruffa zai karanta maka shekara da gari. Na biyu cokalin shayi ne na azurfar sulalla, siriri, marar nauyi, mariƙinsa mai faɗi a ƙarshe da ƴan kafaɗu biyu kusa da baki. Ba shi da komai a baya sai sunan maƙeri a cikin wani ɗan akwati. Idan ka karkata shi ga haske za ka ga alamun guduma da gogewar shekaru ba ta shafe gaba ɗaya ba, bakinsa kuma ya cinye ta gefen hagu, saboda hannun dama na mutanen gida guda ya daɗe yana kankare gindin kofi da shi. Ludayin hukuma ce ta yi masa shaida. Cokalin kuwa aikin hannu da sanin tarihi ne shaidarsa, kuma wanda bai koyi karanta irin wannan shaida ba ya kamata ya yi tambaya ta neman sani kafin ya yi ta tuhuma.

A nan ne amsar farashi take. Bayan da kamfanin kayan azurfa na Tiffany ya koma ga awon sitalin a farkon shekarun 1850, kamfanin Gorham na Providence ya bi sahu a 1868, inji ya karɓe aikin daga hannun maƙeri, aka riƙa buga cokula da cokula masu yatsu dubbai a kan zane guda. Zanen Chantilly da Gorham ya fitar a 1895 kyakkyawa ne, sitalin ne na gaske, amma yana ko'ina, sau da yawa kuɗinsa a gwanjo ba ya nisa da kuɗin nauyinsa. Cokalin da ya fito daga maƙerar Asa Blanchard a Lexington ta jihar Kentucky kafin rasuwarsa a 1838, ko na Paul Revere na Boston, ba a sake yin irinsa, kuma masu tarawa suna neman kayan ƙananan garuruwan kudancin Amurka ido rufe saboda ƙarancinsu. Mai saye yana biyan kuɗin hannu da gari da zamani da ƙaranci, nauyin azurfar kuwa shi ne mafi ƙanƙanta a cikin lissafin.

Da algus na gaskiya kake farauta, da na taya ka, domin yana nan birjik. Tun da kamfanin Elkington na Birmingham ya yi rajistar dabarar shafa ruwan azurfa da lantarki a 1840, kasuwa ta cika da tire da butocin shayi masu tambarin EPNS, waɗanda farin ƙarfe ne aka yi wa ɗan shafe, kuma abin da ake kira azurfar Jamus babu ko ƙwayar azurfa a cikinsa. Irin waɗannan ne dillalai ke sayar wa alhazanmu a matsayin azurfa tsantsa, ana jera su a falo ana alfahari. Ban ga ka rubuta ko layi ɗaya a kansu ba. Na kuma lura cewa kishin jama'ar da ya motsa alƙalaminka bai farka ba sai bayan da na ƙi sayar wa ɗan'uwanka mai shagon zinariya wancan ludayin a kan sikeli, gram bisa gram, kamar yadda ya nema. Ba na cewa wannan ne dalili, Allah ne masanin zukata, amma masu karatu suna da haƙƙin sanin yadda abubuwa suka biyo juna.

Tambayarka ta addini ba zan ja ta da nisa ba, domin ni ba mufti ba ne, kai ma iyakar sanina ba shi ba ne. Hadisin da ya hana ci da sha a cikin kwanon zinariya da azurfa ingantacce ne, ban taɓa musunsa ba, kuma duk wanda ya ci abinci a gidana ya san da cokalin baƙin ƙarfe ya ci, ko da hannunsa. Ajiyewa ba tare da amfani ba magana ce da malamai suka tattauna, da yawansu suka tsananta, wasu suka sassauta, na kuma kai lamarin gaban waɗanda nake ɗaukar karatu a wurinsu, ba gaban shafin jarida ba. Kayan sun haura nisabi na dirhami 200, wato wajen gram 595, ina kuma fitar musu da zakka duk shekara. Abin da ya rage tsakanina ne da Ubangijina.

Zancen gidajen masu bayi kuwa, e, wasu daga cikin cokulan nan a irin waɗannan gidaje aka ci da su, kuma a maƙerun kudancin Amurka akwai bayin da suka hura wuta suka buga guduma ba tare da an sa sunansu a ko'ina ba. Akwai kuma Peter Bentzon, baƙar fata ɗa, ba bawa ba, wanda ya yi ƙira a Philadelphia da tsibirin St. Croix da tambarin kansa, wasu daga cikin ƴan kayansa da suka rage yau gidajen tarihi ne ke riƙe da su. Narka cokalin ba ya ƴanta kowa, shafe shaida kawai yake yi, kuma ba na jin mu da tarihinmu bai rasa nasa bayin ba mu ne za mu koyar da wanke hannu ta wannan hanya.

Abin da ya fi ci mini rai a cikin rubutunka shi ne yadda ka mayar da kowane abu na azurfa zuwa lamba a kan sikeli, domin wannan tunanin ne ya cinye namu kayan. A watan Janairun 1980, lokacin da attajiran nan ƴan gidan Hunt na Texas suka tura farashin azurfa zuwa kusan dala 50 a kan oza guda, mutane a Amurka da Ingila suka yi layi suna miƙa kayan kakanninsu ga masu narkawa, masana kuma har yau suna kukan abin da aka rasa. Su dai sun yi kuka, sun kuma rubuta littattafan tambura da ke ba ka sunan maƙerin ƙauye da shekarun da ya yi aiki. Mu kuwa mundayen ƙafa na tsofaffi, da zobban azurfa, da adon linzami da na sirdi, suna ta shiga tukunyar narki a kasuwanninmu babu mai ɗaga murya, maƙeran farinmu kuma ba su saba buga suna a jikin aikinsu ba, saboda haka idan abu ya narke ya tafi ke nan da shi da labarin wanda ya ƙera shi. A wurin cokulan da kake yi wa ba'a na koyi yadda ake auna abu, a ɗauki hotonsa, a rubuta inda ya fito da hannun da ya bi, kuma da wannan ilimin nake rubuta bayanin ƴan kayan maƙeran gida da na samu na ceto daga sikeli. Mai shafi a jarida kamarka, wanda dattawa ke saurare, zai iya yin abin da ya fi nawa sau goma a wannan fage, da ya ga dama.

Tun da ka sa shakka a zukatan mutanen da suka san ni da amana shekara da shekaru, ga tayi na a fili. Ka zaɓi kowane cokali ko ludayi daga cikin waɗanda na baje, ka zaɓi wakilin da ka yarda da shi a nan Amurka, mu kai wurin masu na'urar gwajin ƙarfe da ba ta ƙwarzane kaya, ni zan biya kuɗin gwajin. Idan wani abu da na rubuta wa azurfar sulalla ya fito ruwan azurfa ne a kan farin ƙarfe, zan mayar wa duk wanda ya taɓa saye a hannuna kuɗinsa, in kuma nemi afuwa a shafinka. Idan kuwa ya fito yadda na faɗa, ina sa ran ganin janyewar kalmar algus a shafin nan da ka buga ta, da girman haruffan da ka buga ta.

Ina jiran sunan wakilin naka. Wassalamu alaikum.