A Daina Tozarta Yara da Sunan Duba Tsafta

Assalamu alaikum, Malam Edita. Muna roƙon fili mu ja hankalin shugabannin makarantu da hukumar ilimin bai-ɗaya (SUBEB) ta Jihar Bauchi.

Duba farce da haƙora da gashin yara da safe abu ne mai kyau. Ɓarnar tana wajen fito da yaro gaban asambuli a kira shi ƙazami. Zafin bulala na minti ɗaya ne, amma sunan zai bi shi har ya gama firamare. Abokan benci su ja jiki, a ƙi cin abinci da shi lokacin tara, ya daina ɗaga hannu a aji, daga nan sai fashin makaranta.

Abin takaici, sau da yawa cuta ce ke damun yaron. Makero na yaɗuwa ta askar wanzami, da mataji, da aron hula. Man shafawa kaɗai ba ya kashe shi, domin yana cikin saiwar gashi. Sai maganin sha da asibiti ta rubuta, na sati 6 zuwa 8. Iyaye kan daina bayarwa da sun ga kan ya washe, sai ya dawo. Ƙazuwa kuwa, in ba a yi wa mutanen gida duka magani rana ɗaya ba, an kuma wanke tufafi da shimfiɗa da ruwan zafi, aikin banza ne. Malamin aji ya duba yaro a gefe, ya aika wa iyaye takarda.

Lamarin 'yan mata ya fi ciwo. Yarinyar da jinin al'ada ya ɓata wa tufafi, aka yi mata dariya, da wuya ta sake sakin jiki a ajin nan. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne banɗaki ɗaya ga 'yan mata 25, da lita 5 na ruwa ga kowane ɗalibi a rana. Banɗakin ya zama da ƙofa da sakata, da buta, da bokiti mai murfi. A ware malama guda ta ajiye audugar mata da hijabi na ko-ta-kwana.

Wurin wanke hannu ba ya buƙatar kwangila. A huda jarka mai lita 5 da ƙusa mai zafi kusa da murfi, a rataye ta, a ɗaure wuyanta da igiya zuwa sandar da za a taka da ƙafa. A huda sabulu a rataye, a zuba tsakuwa a ƙasa saboda taɓo. Wanki na daƙiƙa 20 ne. Abin da ke kashe wurin rashin mai cika ruwa, don haka a tsara aikin bi da bi, har da wankin banɗaki, kada ya zama horon masu laifi ko na 'ya'yan talakawa. Kuɗin sabulu kuma kwamitin al'umma mai kula da makaranta (SBMC) ya sa shi cikin lissafin kowane zango.

Daga wasu ma'aikatan lafiya da malaman firamare, Bauchi.