Amsa ga ƙanena mai tura fina-finai a bakin kasuwar Garwa

Assalamu alaikum, ƙanena.

A shirin rediyon da aka gayyace ni don mu tattauna satar fasaha, ka bugo waya ana gab da rufewa, ka ce kana da rumfar cajin waya da tura fina-finai da waƙoƙi, sannan ka tambaye ni a gaban jama'a: idan fim ɗin Kano ba a sayar da shi a Garwa, kuma babu hanyar da mutumin Kamaru zai biya mai shi, ta yaya za a kira ka ɓarawo don ka tura wa mai buƙata? Lokaci ya ƙare kafin in amsa, kuma na yi farin ciki da hakan, domin tambayar ta fi ƙarfin amsar minti biyu.

Kafin komai, ya kamata ka san wanda ke maka magana. Na yi shekaru ina sayar da kaset da faifan CD a wannan gari, ina ɗauko su daga Kano ta hanyar Yola, kuma ba zan ɓoye maka ba, akwai lokutan da kaya suka yanke na saka kaset ɗaya a na'ura na buga ashirin. A lokacin ina ce wa kaina taimakon jama'a nake yi. Saboda haka hujjarka ba baƙuwata ba ce, na riƙe ta tun kafin ka san kasuwa.

A ɓangaren doka maganar ba ta da duhu. Dokar Kamaru mai lamba 2000/011 ta 19 ga Disamba 2000 ita ce ke kare haƙƙin mawallafi da mawaƙi da mai shirya fim, kuma ta yarda mutum ya kwafi abu don amfanin kansa kawai, matuƙar ba don riba ba. Kwafar aikin wani da rarraba shi ba tare da izini ba kuwa laifi ne da aka tanadar masa ɗaurin shekara 5 zuwa 10, ko tarar sefa 500,000 zuwa miliyan 10, ko duka biyun. Cewa fim ɗin na wata ƙasa ne bai fitar da shi daga kariya ba, domin Kamaru da Najeriya da Chadi duk suna cikin yarjejeniyar Berne, wadda ta wajabta wa kowace ƙasa ta kare aikin baƙo kamar yadda take kare na ɗan gida. Hedikwatar OAPI ma, ƙungiyar ƙasashen Afirka 17 da yarjejeniyar Bangui ta 1977 ta kafa don mallakar fasaha, a Yawunde take. Na san babu ɗan sandan da ya taɓa tsayawa a rumfarka saboda wannan, amma rashin zuwan ɗan sanda bai mayar da kayan naka ba.

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne ka haɗa mutum biyu ka yi musu riga ɗaya. Akwai matar aure a unguwa wadda ƙawarta ta tura mata fim ta Xender, ta kalla da dare bayan ta kwantar da yara, ba ta karɓi ko dala daga hannun kowa ba. Akwai kuma kai, da ke karɓar sefa 100 ko 200 a kan kowane turi, kana cika memori daga safe har magariba. Kai kana ciniki ne, kuma duk mai ciniki ya san kaya suna da uwar kuɗi. Wutar da kake cajin waya da ita kana biya, hayar rumfa kana biya, kwamfutar da kake turi da ita saye ka yi. A cikin jarinka gaba ɗaya, abu guda ne ya zo maka kyauta, kuma shi ne ainihin abin da mutane ke zuwa saye. Wanda ya ciyo bashi ya ɗauki 'yan wasa, ya ciyar da su a wurin ɗaukar fim, ya biya mai kyamara da mai tacewa, shi kaɗai ne ba ya cikin lissafinka.

Wasu kan kawo hadisin da ya yi gargaɗi a kan ɓoye ilimi, su ce ai fasaha ba ta da mai ita. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, amma majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a shekarar 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ta kare, kuma bai halatta a keta shi ba. Ban da haka, mu mutanen Kamaru mun san zafin abin idan a kanmu ya faɗo: lokacin da aka ji wani yanki na waƙar Manu Dibango ta 1972 a cikin faifan Michael Jackson na 1982, babu wanda ya ce fasaha ta kowa ce, sai da aka sasanta da shi aka biya.

Amma rabin tambayarka gaskiya ne, kuma zan faɗe shi da ƙarfi fiye da yadda ka faɗa. Mai kallo a nan yana da haƙƙi, kuma an yi watsi da shi. Kasuwar faifai ta mutu, masu shirya fim sun koma YouTube da manhajojin biya ka kalla, inda ake neman katin banki ko asusun naira, alhali mutumin Garwa da Marwa da Kusuri abin da ke hannunsa shi ne Orange Money da MTN Mobile Money. Haka marubuta littattafan Hausa da ke sayarwa ta WhatsApp: sau da yawa za ka ga lambar asusun Najeriya, wani lokaci da lambar Nijar, mu kuwa sai mu nemi ɗan canji ko ɗan'uwa a Mubi ya biya mana. Na taɓa bin wannan doguwar hanya na biya kuɗin wani fim mai dogon zango a wata manhaja, na kalli kashi huɗu, sai ta daina buɗewa a wayata, kuma har yau babu wanda ya amsa saƙona. Dokar kare masu saye ta Kamaru ta 6 ga Mayu 2011 ta amince da haƙƙin mai saye na a yi masa bayani kuma a biya shi diyya, amma wa zai kai ƙarar kamfanin da ke ƙetaren iyaka a kan kuɗin da bai kai na motar zuwa kotu ba? Ga tsadar data, wadda ita ce ma babban dalilin da ya sa ake yin layi a rumfarka. Wanda ya rufe ƙofar gaba bai kamata ya yi mamakin ganin mutane a kan katanga ba.

Ƙungiyoyin karɓar kuɗin mawaƙa na ƙasarmu ma ba su ƙarfafa wa kowa gwiwa ba, domin daga CMC zuwa SOCAM zuwa SONACAM da aka kafa a 2017, rigimar shugabanci da ta rabon kuɗi ce mutane suka fi ji. Ko da komai nasu ya daidaita, biyan su ba shi zai sauke maka nauyin furodusan Kano ba.

To ga amsata. Ba zan kira ka ɓarawo ba, domin ban ga ka da niyyar cutar kowa ba, amma akwai haƙƙin wani a cikin kuɗin da kake kai wa iyalinka, kuma rashin hanyar biya uzuri ne da ke ƙarewa ranar da ka iya buɗe hanyar da kanka. Kai kuwa kana iya buɗe ta fiye da kowa. Abin da masu fim suka rasa a arewacin Kamaru shi ne dillali: mutumin da ke karɓar sefa hannu da hannu, wanda ya san abin da ake nema a kowace unguwa, wanda kuma jama'a suka amince da shi. Aikin da na yi ke nan a zamanin kaset, kuma shi kake yi yanzu, sai dai babu izini. Idan ku masu turi na Garwa kuka haɗu kuka aika wa furodusa cewa za ku sayi izinin tura fim ɗinsa a garin nan a kan kuɗi kaza, ku biya kafin ya fito, ina kyautata zaton zai saurare ku, domin a yanzu abin da yake samu daga nan bai kai ko sisi ba. Ribarku za ta ragu kaɗan, wasu cikinku za su ƙi shiga su ci gaba da karya farashi, wannan ban ɓoye maka ba.

Ina da sauran sanayya da wasu tsofaffin abokan cinikina a Kano, kuma a shirye nake in rubuta wasiƙar farko da hannuna. Abin da nake buƙata daga gare ka shi ne ka ɗauki littafi, ka rubuta na wata guda sunan kowane fim da aka nema da yawan turin da ka yi masa, ka roƙi abokan sana'arka uku ko huɗu su yi haka. Idan watan ya cika, ka same ni bayan sallar la'asar da littafin a hannunka.

Wassalam,
Yayanka a sana'a, daga Garwa