Wasiƙa Ga Iyaye Kan Dogon Hutu da Yaran Ƙananan Azuzuwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu da masu riƙon yaranmu, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya, ina sanar da ku cewa za mu rufe makaranta ranar Juma'a mai zuwa, ba kuma za a dawo ba sai cikin watan Satumba, bisa jadawalin da Jihar Legas ta fitar. Kimanin mako bakwai ke nan yara za su yi a hannunku. Na so mu yi wannan magana baki da baki a taron iyaye da malamai, sai dai kujerun da muka jera sun fi waɗanda suka zo yawa, kuma kusan duk waɗanda suka zo iyaye mata ne, Allah ya saka musu da alheri. Iyaye maza, mun san kasuwa ba ta jiran kowa, amma wannan takarda da ku ake.

Hankalina ya fi karkata ga 'yan nazare da 'yan aji ɗaya zuwa uku. Yawancinmu a nan Agege a gidan haya muke, ɗaki ɗaya ko ciki da falo, babu tsakar gida balle dandali, bakin ƙofa kuwa ga kwata, ga keke mai ƙafa uku, ga motocin haya na danfo, ga damina. Yaron da a garinsu zai fita langa ko gaɗa ya dawo a gajiye ya yi barci, a nan kwana biyu zai yi a ɗaki ya fara bin mahaifiyarsa yana cewa ya gaji da zama, ita kuma ga girki ga wanki, sai ta miƙa masa waya don ta samu sararin kanta. Ba na ganin laifinta, amma mu muke karɓar sakamakon. Bara da aka dawo hutu, malamar nazare biyu, wadda haƙurinta ya isa a yaba masa a bainar jama'a, ta yi makonni tana fama da yaran da ba sa iya zama su saurari labari har ƙarshe, ɗaya daga cikinsu ma da aka ba shi littafi mai hotuna sai ya dinga goga yatsa a kan shafin yana jiran hoton ya sauya. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2019, ta ce yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban waya ko talabijin, mai shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini, sannan mai shekara 3 zuwa 4 yana bukatar motsa jiki na minti 180 da barcin awa 10 zuwa 13. Kowa ya auna gidansa da wannan.

Abin da nake roƙo ba na kuɗi ba ne. Na farko shi ne tatsuniya da kacici-kacici, kuma da Hausa. Malamin Hausa, wanda ya ɗora wa kansa wannan aiki kowace Alhamis ba tare da an sa shi ba, ya gano cewa akwai yaran da idan aka ce musu "ga ta nan ga ta nanku" sai su yi shiru, ba su san ana amsawa da "ta zo mu ji ta" ba, kuma ba su taɓa jin sunan Gizo da Ƙoƙi ba. Wata rana ya ce musu, "Baba na ɗaka, gemu na waje." Amsar da muka tashi da ita kowa ya sani, wuta ce da hayaƙi, amma wani ɗan aji biyu ya ɗaga hannu da ƙarfinsa ya ce janareton maƙwabcinsu ne. Malamin ya ba shi maki, ni ma na goyi bayansa, domin yaron ya duba duniyar da yake ciki ya ba da amsa. Da aka ce "shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya", babu wanda ya kawo tsintsiya, sai wata yarinya ta ce babu wanda zai iya ajiye shanu dubu a unguwar Oko-Oba, wuri ba zai ishe su ba. Irin wannan hira ce ke buɗe bakin yaro da kansa, kuma idan an ɗauke wuta da dare babu abin da ya fi ta sauƙi. Wanda yake da kaka a gida ya yi dace, wanda ba shi da ita kuwa ya tono abin da ya rage masa a ka.

Na biyu, a ba su aiki. Ɗan shekara 4 zai iya tsince wake, ya jera cokula, ya ware marafan kwalba kowane launi da rukuninsa yana ƙirgawa, ya naɗe 'yan ƙananan kayansa ko da naɗin bai yi kyau ba. Kwalin da za a zubar zai zama mota ko shago, kuma ga 'yan aji uku ana iya zana musu dara a bayansa, gida 30, layi 5 a kan 6, kowa da 'ya'ya 12. Zai ɓata wuri, zai kuma ci muku lokaci fiye da a ce kun yi aikin da kanku. A yi haƙuri. Iyaye maza da ke da rumfa a kasuwar Mile 12 ko shago a cikin unguwa, a ɗauki yaro ko sau ɗaya a mako, ranar da babu ruwa, ya ga yadda ake awo da ba da canji.

Wanda ya samu hali ya fita da su. Jirgin ƙasa na Red Line, da ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoban 2024 tsakanin Agbado da Oyingbo, yana tsayawa a tashar Agege, kuma ga ƙaramin yaro hawansa kaɗai yawon buɗe ido ne. A zangon da ya wuce mun kai 'yan aji uku gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke Onikan, wanda aka buɗe a 1957. Muna kan gadar Third Mainland wata yarinya ta leƙa ta taga, ta ga ruwa iya ganinta, ta juyo a firgice ta ce, "Malama, wa ya bar famfo a buɗe?" Da muka isa gaban baƙar motar da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976, malami yana bayani kowa ya yi tsit, sai wani yaro ya matso kusa ya daɗe yana duban ramukan harsashi, sannan ya ce a hankali, a kai wa babansa, zai gyara ta tas. Wannan yaron har yau yana tambayar labarin Murtala, kuma ina fata a gida ana amsa masa.

Saboda haka kowane yaro zai zo gida da littafin rubutu guda a cikin jakarsa. Ba na aikin gida ba ne, naku ne. Duk lokacin da ya faɗi wani abin dariya ko abin mamaki, a rubuta da kwanan wata, da boko ko da ajami, a dawo mana da shi a Satumba mu karanta a aji. Dalilina shi ne, mutum ba zai rubuta abin da bai tsaya ya saurara ba. Mun tambayi wani ɗan aji ɗaya sunan garinsu, ya ce Agege, muka ce to Kano fa, ya ce ai wannan garin Sallah ne. Wata kuma da aka tambaye ta inda rana take zuwa da dare, ta ce ɗauke ta ake yi, sai da safe a kawo.

Sai dai ba duk abin da suke faɗa ne ke ba mu dariya ba, kuma a nan zan yi magana kai tsaye. Muna darasin gaskiya da amana wani yaro ya ce shi ma yana da aiki a gida, shi ne idan mai gidan haya ya zo ya ce Baba ba ya nan. Wata ta kwaikwayi zagin da ta ji, kalma bayan kalma, har da riƙe ƙugu, alhali ba ta san ma'anar ko ɗaya ba. Ba mu faɗi suna ba kuma ba za mu faɗa ba, amma masu abin sun san kansu. A mako bakwai ɗin nan kunnuwansu suna tare da ku dare da rana, kuma duk abin da suka ɗauka a Satumba za su zazzage mana shi.

Game da damina, kada a bar yaro ya yi wasa a ruwan da ya kwanta ko a bakin kwata, kuma a kula da ruwan sha da wanke hannu da sabulu, domin ba mu manta da kwalarar da ta ɓulla a Legas a watan Yunin 2024 ba. Yaron da ya fara zawo da amai a ba shi ruwan gishiri da sukari, a garzaya da shi asibiti.

Za a raba katin sakamako ranar rufewa, kuma babba za a ba, ba yaya ko yayar yaro ba. Masu ragowar kuɗin makaranta su ga ma'aji kafin ranar. Karatun allo na safe zai ci gaba daga Asabar zuwa Laraba kamar kullum. Akwai rigunan sanyi da kwanukan abinci da aka manta tun zangon farko, suna ofishina, duk wanda bai zo ya ɗauki nasa ba kafin Juma'a za mu bayar da su sadaka.

Wassalam.

Shugabar Makaranta