Ciwon sukari ba na tsofaffi ne kaɗai ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili don jan hankalin iyaye da malaman makarantun kwana kan ciwon sukari a jikin matasa. Irin wanda ya fi kama yara shi ne wanda jiki ke daina samar da insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini. Ba shan zaƙi ke kawo shi ba, kuma jiƙo ba ya maganinsa, sai allurar insulin kullum.

Alamominsa a fili suke: ƙishirwa marar yankewa, yawan fitsari, ramewa alhali yaro na cin abinci sosai. Wani ya dawo yana fitsarin kwance, a yi ta dukansa. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ta ba su maganin zazzaɓin cizon sauro ko taifot, har amai da ciwon ciki da numfashi sama-sama su biyo baya. Wannan na gaggawa ne, a nufi asibiti nan take. Gwajin kuwa ɗigon jini ne daga yatsa. In awon sukarin ya kai 126 mg/dL kafin karin kumallo, ko 200 mg/dL a kowane lokaci, a ga likita.

Wanda ke kan allura, in ya fara karkarwa da gumi, sukarinsa ya faɗi. A dama masa sukari cokalin shayi 3 a ruwa, a sake gwada jininsa bayan minti 15. In ya suma, kada a ɗura masa komai a baki.

Zafi na lalata insulin, ƙanƙara ma haka. Inda babu firji, a ajiye kwalbar cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi, a inuwa.

Mai karatunku,
daga Kano