Dan Allah a sa mana girkin naman daji a shafin girke-girke

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum, ina yi muku fatan alheri tare da duk ma'aikatanku. Na daɗe ina bin shafinku na girke-girke kuma ana ƙoƙari gaskiya, sai dai kullum maganar kek ce da shawarma da soyayyar shinkafa, har yau ban ga an taɓo naman daji ba, alhali mu da muka tashi a ƙauye da shi aka raine mu duk lokacin da kaka ta wuce maza suka fita farauta da karnuka.

Miyar zomo kawai ta isa a cika shafi guda da ita. Ba a gaggawa wajen dafa shi, sai an feɗe an cire kayan ciki an kyafe shi a kan garwashi har ya bushe ya sha hayaƙi, ranar da za a girka a jiƙa shi a ruwan zafi a wanke sosai sannan a ɗora a tukunyar ƙasa da albasa da daddawa mai yawa, a daka citta da masoro da kimba da kanumfari a zuba saboda ƙarni, a bar shi a wuta kaɗan kaɗan har ya fara sakin ƙashi. Zomo ba shi da kitse sosai, shi ya sa iyayenmu mata ba sa rowar man shanu a wannan miya. Idan ya yi laushi sai a kaɗa kuka ko busasshiyar kuɓewa, a tuƙa tuwon dawa. Ɗumamensa da safe cikin hunturu ma ya fi na daren daɗi wallahi. Makwarwa kuma farfesu ake yi da ita, a ba mara lafiya da bakinsa ya mutu ko mai jego, zabon daji yana da tauri sai an yi haƙuri da shi. Gada dai sai mai rabo, idan aka samo ta har maƙwabta sai sun ɗanɗana.

Yanzu abin yana neman gagarar mutane. Dazuka irin su Rugu da Kamuku sun zama maɓoyar 'yan bindiga, maharbi na gaskiya ba ya iya shiga, inda ake da zaman lafiya kuma mu da kanmu muke ɓarna, a cinna wa daji wuta saboda gafiya ɗaya a ƙone ciyawar dabbobi har da amfanin da ba a kwashe ba. Wasu ma guba suke zubawa a hatsi kusa da ruwa tsuntsaye su ci su faɗi, a tsinto a kyafe a kawo kasuwa, wannan ai mushe ne, ga cutar da mai ci. A da Sarkin Baka ko Sarkin Dawa yana da ta cewa, ba a farauta da damina lokacin da dabbobi ke da ciki ko goyo, ya kamata masarautu su dawo musu da wannan ƙarfi. Wuraren da gwamnati ta killace kamar Yankari, tun 1956, da Lame-Burra da Falgore, a bar su su huta mana.

Idan za ku yi shafin dan Allah ku haɗa da maganar lafiya, zazzaɓin Lassa da aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969 ɓera ne ke yaɗa shi kuma ya fi tashi da rani, daidai lokacin da yara ke ƙona ciyawa suna bin ramuka, a ja musu kunne su bar ɓeraye, mai feɗe nama kuma ya wanke hannu da sabulu a dafa shi ya dahu sosai.

Ku tura wakilanku ƙauyuka su zauna da tsofaffin mata su rubuto yadda ake wannan girki daga bakinsu, su kuma tambayi maharba yadda ake bambance naman da aka yanka da wanda guba ta kashe.

Naku,
Mai karatunku daga Ningi, jihar Bauchi