Zuwa ga Sarkin Tsoro, daga Garwa ta Kamaru

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Kwari baki ɗaya. Na san ka yi fushi. Saƙonninka na murya guda uku suna nan ban amsa ba, na ƙarshen ma har da "to shi ke nan" a wutsiyarsa, irin wadda kake yi in an riga ka ɗaukar tsokar ƙarshe a faranti. Ka yi haƙuri. Zancen filin Jambutu da ka tambaya zan zo kansa a wasiƙa ta gaba. Amma bari in fara sauke abin da ke cikina, don wata biyu ke nan ba ni da hira sai ta haƙoran ƙarfen da ke jan sarƙar babur, har uwargida ta ce in na ƙara ambaton pinyon, faifan nan mai haƙora, a kan tabarmar cin abinci, gareji za ta riƙa aika mini tuwona.

Ka tuna babur ɗin nan 150 mai giya biyar da na saya bayan tafiyarka? Na je Gaundare da shi. Sau biyu ma. Kai da ko gadar Binuwai ba ka haye ta a bayan babur sai ka karanta Ƙulhuwallahu ƙafa uku, na san yanzu ka dafe ƙirji.

Tafiyar farko ita ta jawo komai. Na tashi bayan asuba zan tarbi kaya a tashar jirgin ƙasa, kusan kilomita 280 ke gabana. Tun kafin Ngong na gane akwai magana. Ina giya ta biyar, allura tana kan 80, amma injin yana ihu kamar akuyar da aka ɗaure ranar kasuwa, ƙafata kuma sai lalubar giya ta shida take, wadda babu ita. Kafin in kai Gamba tafin hannuna ya mutu saboda karkarwar kan babur, madubi kuwa ba ka ganin komai a cikinsa sai rawa. Da na sauka shan shayi, kofin ma da hannu biyu na riƙe shi.

Da na dawo na kai ƙara wurin dattijon nan na Yelwa, wanda ya taɓa korar ka daga garejinsa saboda ka zauna masa a kan tankin da ya fesa wa fenti. Yana gaishe ka, ya ce har yanzu wandonka yana bin sa bashi. Ya tsuguna, ya buɗe murfin gefen injin, ya sa yatsa yana ƙirga haƙoran ƙaramin faifan gaba, wanda mu nan muke ce wa pinyon: 14. Ya koma na babban faifan tayar baya, kuron ke nan, ku can ban san da wane Turancin kuke kiran sa ba: 42. Ya ce to ga ciwonka nan. Sai na gaba ya juya sau uku kafin tayar baya ta juya sau ɗaya. An yi wannan lissafin ne don 'yan kulando, wato 'yan acaɓa, masu ɗaukar mace da buhunta da goyonta su tashi daga tsaye ba wahala, su yi ta zirga-zirga tsakanin babbar kasuwa da Rumde Ajiya. Ba a yi shi don mai son ya miƙe kwalta awa biyar ba.

Maganin, in ji shi, ɗaya ne cikin biyu. Ko a ƙara haƙori a gaba, ko a rage a baya. Haƙori ɗaya na gaba kuma daidai yake da kusan uku na baya. Na zauna na buga a waya don ban yarda ba: 42 a raba 15 ya ba da 2.8, 39 a raba 14 ya ba da 2.79. Tsohon nan da ko firamare bai gama ba, da yatsa ya riga kwamfuta. Ma'anarsa, da irin kukan da injin yake yi in ina 80, in an sa mai 15 zan kasance wajen 85 ko 86. Ko kuma in tsaya a 80 ɗina, injin ya sauke murya. Canza na gaban ya fi araha, ya fi sauri, kuma yawanci sarƙar ba ta bukatar a cire mata ɗiya, matso da tayar baya kaɗan kawai za a yi. Ya ce a sa 15.

To nan fa halina ya motsa. Na ce in haƙori ɗaya ya ba da shida, biyu fa? Na sake bugawa, 16 zai kai ni wajen 91. Na ce shi nake so. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Yaro, babur ɗinka jaki ne mai ƙoƙari, kada ka ɗaura masa sirdin doki." Na nace. Sai da ya goge cikin murfin da zarto kafin faifan ya samu wurin juyawa, yana yi yana tsaki.

Kafin in manta, tunda na ambaci Rumde Ajiya: yaran unguwa har yanzu suna tambaya ina Bakanon nan da ya yi kuka a filin wasa ranar da Tunisiya ta fitar da Najeriya da ci ɗaya a 2022. Na ce musu ba Bakano ba ne, ɗan Hausare ne da ya ci amanar garinsu, kuma ba kuka ya yi ba, ƙura ce ta shiga idonsa. Ba su yarda ba. Ni ma ban yarda ba.

To, tafiya ta biyu. Wallahi daga gada zuwa Ngong na ɗauka na fi kowa wayo a ƙasar Kamaru. Injin ya yi lumus, yana gurnani a hankali kamar kyanwa a cinya, hannu ba karkarwa, ina ta wuce motocin auduga. A bayana kuma ga ƙaton nan abokin cin ƙosanka, wanda ya ce in rage masa hanya zai je ganin surukai, da jakarsa, da galan ɗin man gyaɗa da ya rantse "ba nauyi". Ka san shi, ya ƙara faɗi tun da ya auri ta biyu.

Sai muka wuce Mbe, muka iso hawan dutsen nan, falez. Ka san Garwa a cikin kwari take, Gaundare kuwa tana sama da mita 1,000, kuma mafi yawan hawan a wannan 'yar tazarar aka tara shi, kwana bayan kwana. Na sauko giya ta huɗu, babur ya ce bai san zancen ba. Ta uku, yana tari. Ta biyu muka koma, muna rarrafe a bayan wata tirela mai fitar da baƙin hayaƙi, ba halin wucewa don babu ƙarfin da zan fizga. Sai tirelar ta tsaya cak a tsakiyar kwana. Na tsaya. Tashi kuma ya gagara. Ina murɗa totur ina sakin kuloci a hankali, babur yana ja da baya, wani ƙauri yana tasowa daga ƙasa kamar an ƙona gashi. Na ce wa mutumin naka, "Alhaji, sauka." Ya ce me? Na ce sauka ka taka. Da babbar rigarsa ta zuwa gidan surukai, da galan a ka, ya hau ragowar kwanar nan a ƙafa, yaran mota suna yi masa tafi. Har muka shiga gari bai ce mini uffan ba. Dawowa ma jirgin ƙasa ya so ya hau, sai da aka tuna masa layin dogo a Gaundare ya ƙare, mota ya biyo.

Saukowar ma ba ta yi daɗi ba, abin da ban taɓa kawowa a rai ba. Da, in na saki totur a gangara, injin da kansa yake riƙe babur. Da mai 16 sai ya zama riƙon ya yi sako-sako, dole in zauna a kan birki, har na baya ya yi zafi ya fara laushi. Na tsaya a gindin wata bishiya na jira ya huce, ni ma na huce.

Duk da haka ban saduda ba, na ce ai laifin ƙaton ne da dutse. Mako biyu bayan nan na nufi Marwa ni kaɗai, kilomita 200 da 'yan kai, hanya shimfiɗaɗɗiya. Na manta muna tsakiyar hunturu. Iskar daga arewa maso gabas take busowa, ni kuma can na dosa, ƙirji da ƙirji. A giya ta biyar na murɗe totur har ƙarshe, allura ta ƙi wuce 70. In na koma ta huɗu sai ya fi gudu. Ka ji abin kunya: na kashe kuɗi don in samu giya mai tsawo, na ƙare ina tafiya a ta huɗu daga Figil har Marwa, mai kuma yana zurarewa fiye da da, don maƙogwaron kafireto a buɗe yake wangale duk tsawon hanya. Kuma ka san tun da aka cire tallafin mai a wajenku a 2023, zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da muke saye a kwalba, ya daina zama abin wasa. Wannan ma laifinku ne, ka isar musu.

A dawowa, daidai kusa da masana'antar siminti ta Figil, sarƙa ta yi tsalle ta fita. Wannan kam ba ruwan 16, rowata ce. Sabon pinyon na sa a kan tsohuwar sarƙa da ta riga ta miƙe da tsohon kuron da haƙoransa suka lanƙwashe kamar faratan shaho. Dattijo ya faɗa mini tun farko a canza ukun tare, na ce sai wata ya yi. Allah ya taimaka ba gudu nake ba, kuma ba ta naɗe a taya ba. Na mayar da ita da hannu da wani tsinken rake, na iso gida baƙi ƙirin har gwiwar hannu.

Washegari na je Yelwa na zauna a kan benci ban ce komai ba. Shi ma bai ce komai ba. Ya buɗe akwatinsa ya ɗauko mai 15, ashe tun ranar ya ajiye mini shi. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho.

Yanzu 15 da 42 nake kai, da sabuwar sarƙa, kuma in gaya maka gaskiya nan ne wurin zama. A kwalta 80 zuwa 85 ba ihu, hannu ba ya mutuwa. A cikin gari tashin ya ɗan yi nauyi kaɗan, kwana biyu na saba. Na ɗauki uwargida da buhun masara rabi zuwa Pitowa ranar Lahadi, kasuwa, bai nuna gajiya ba. Da a ce kullum da kaya nake, ko hanyar yashi nake bi irin ta ƙauyukan bakin Lagdo, da 14 ɗin zan bari, ban ga laifinsa ba. Kowa da inda yake zuwa. Abin da na koya kuma, sarƙa tana son sassauci kamar faɗin yatsu biyu a tsakiyarta, kuma a duba mutum yana zaune a kai, don in ka ɗaure ta tamau babur ba kowa, da an hau sai ta ƙara ɗaurewa ta ci kanta. Ƙurar hunturu kuwa in ta haɗu da baƙin mai sai ta zama kamar garin niƙa, shi ya sa duk Juma'a nake wanke ta da kananzir kafin in shafa sabo.

Af, ƙanwarka ta haihu, namiji, na san an faɗa maka, amma ba a faɗa maka kunnuwanka ya ɗebo ba. Mun yi musu jaje. Mai shayin bakin tasha kuma ya sayi firiji, yanzu sai da alƙawari ake ganin sa.

Ga ainihin abin da ya sa na rubuto maka. Bayan Sallah za a ɗaura auren ɗan kawu a Njamena, kuma na ƙudurta a babur zan je. Ba ta Mora da Waza zuwa Kusuri ba, kada ka firgita, ni ma ina son raina, ga ramuka ga abin da ka sani. Daga mararrabar Magada zan karya in bi Kayele zuwa Yagwa, in haye sabuwar gadar Logon da aka buɗe a 2025 in faɗa Bongor, daga nan in miƙe ta Gelendeng. Ƙasa ce shimfiɗe kamar faifai, ba falez, kuma shaiɗan ya fara raɗa mini cewa a irin wannan hanyar mai 16 zai yi daɗi. Yana nan cikin aljihun jakata, ban jefar ba. Na tambayi dattijo, ya ce in na sake ambata masa shi sai ya kwashe ni da sifana.

Inna ta ce ba da yawunta ba. Ta ce in hau mota kamar kowane mai hankali. Kai take jin maganarka, tun muna yara kai ne "yaron kirki", ko da yake ni na san wanda ya saci mangwaron Liman. Don Allah ka kira ta ka ce ka bincika, hanyar lafiya lau ce, kuma za mu tafi mu uku ne, ba ni kaɗai ba. Wannan na ƙarshen gaskiya ne, in dai ƙaton ya huce.

Sannan ka shiga kasuwar kayan babur a nan wajenku ka nemo mini sarƙa lamba 428 ta gaske, da pinyon 15 da kuron 42, in riƙe a matsayin guzuri. Na nan da na gani a wani shago, da na goga masa zarto sai ya ci kamar sabulu. Ka tafi da wanda ya san ƙarfe, don kai in aka ba ka murfin gwangwani aka ce na Japan ne za ka biya har da godiya. Zan turo maka hoton ramukan kusoshin kuron ɗin, huɗu ne, kada a ba ka wanda ba zai zauna ba. Ka ba direban da ya kawo mana atamfofin bara.

An kira sallah, kuma batirin wayar saura kaɗan. Ka gaida amarya, ka ce mata yajin da ta aiko ya ƙare tun watan jiya, ba roƙo nake ba, labari nake bayarwa.

Naka,
wanda ya fi ka iya tuƙi.