Wasiƙa zuwa ga Habu a Kumasi

Assalamu alaikum Habu,

Da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya damina a wajenku? Mu nan Kano zafi ya ishe mu.

Ka tambaye ni ko gwajin ƙanjamau da muke yi a asibiti yana canza halin mutane, ko ɓata bakinmu kawai muke. Mutumina, ya danganta da abin da takarda ta nuna.

Wanda aka samu da ƙwayar cutar, shi ne ke jin magana. Kwanaki wani direban babbar mota ya zo da matarsa. Shi yana ɗauke da ƙwayar, ita ba ta da. Ya cire hula yana ta juya ta a hannu, can ya ce, "Malam, ita fa?" Na fito da kororon roba zan nuna masa yadda ake sawa, kunya ta sa ya kau da kai, amma da zai fita sai ya tura kwalin a aljihu. Yanzu duk zuwansa karɓar magani shi da bakinsa yake tambaya. Na gaya masa in ya riƙe magani har awo ya daina ganin ƙwayar a jininsa, ba zai shafa mata ta hanyar saduwa ba. Ranar ce na fara ganin dariyarsa.

Masu ba ni ciwon kai su ne waɗanda sakamakonsu ya fito lafiya. Saurayi na jin "babu", shi ke nan, ƙafarsa na bakin ƙofa. Kana faɗa masa in bai jima da ɗaukar cutar ba gwajin kan iya kasa gano ta, ya dawo bayan wata 3, shi kuwa yana ninke takarda kamar an ba shi lasisi. Kororon ma a kan tebur yake barin shi.

Tun da gwamnatin Kano ta sa dokar gwaji kafin aure a 2024, layi ya ƙaru, sai dai yawanci takardar da za a miƙa wa waliyyi ce ta kawo su. Shi ya sa yanzu nake gama bayanina tas kafin in buɗe sakamako. Lokacin ne kunne yake buɗe.

Ka gaida Hajiya da yara. Goron da ka yi alkawari har yau shiru.

Naka,
Bala